Mujiya a Bututun Hayaƙinmu na Harra

Ranar da na sauka Jidda aka fara yi mini sata, kuma da Hausa aka yi mini ita. Shekarun saba'in suna ƙarewa ke nan, alhazai sun gama watsewa. Ina yarinya, da ƙaramin ciki, ina biye da mijina Malam Habu, wanda yake karatu a jami'ar Musulunci ta Madina, ya zo Kazaure ya ɗauke ni. Malam ya shiga layin takardu ya bar ni da kaya. Sai ga wani dattijo fes cikin farar jallabiya.

"Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga Kazaure, Baba."

"Ikon Allah! Ai kakata mutuniyar wajenku ce. Maigidanki ya ce in kai kaya mota."

Ni da kaina na taya shi ya ɗora akwatin a kafaɗa. Daddawa ce a ciki, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kanwa, da zannuwan goyo biyu da uwata ta ba ni. Da Malam ya dawo ya ji abin da ya faru, sai ya ce, "Allah ya sa ya fi mu bukata." Haka yake. Ba ya ɗaga murya, kuma kowace masifa yana da amsarta a littafi. Ni kuwa so na yi ya yi faɗa, ko da ni ce zai yi wa.

Hanyar Madina ban ga komai a cikinta ba sai tsaunuka tsirara da amai. A Badar muka tsaya salla. Matar wani mai shayi ta ganni durƙushe bayan mota, ta yanka lemon tsami ta miƙo mini, ta nuna mini in riƙa shaƙa. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci. Ta dafa cikina ta yi murmushi, ta koma rumfarta. Na riƙe ɓawon lemon nan har muka hango hasumiyoyin Masallacin Annabi.

A unguwar Al-Sih muka fara sauka, ɗakin wani abokin karatun Malam, labule ɗaya tsakaninmu da shi da iyalinsa. Malam ya riga ya gama magana da wani dillali, wanda ya nuna masa gida a unguwar Aƙiƙ, mai famfo da lantarki. Ranar da za mu tare, dillalin ya ce mai gidan ya fasa, amma ya samo mana wanda ya fi shi. Mota ta yi ta tafiya da mu har gidaje suka fara ƙarewa, ta ajiye mu a ƙarshen Harra ta Yamma, inda babu komai a bayanka sai baƙaƙen duwatsu har iyakar gani. Takardun zamana ba su gama fitowa ba, Malam ba ya son abin da zai kai mu gaban hukuma. Muka sauke kaya.

Ɗaki biyu ne na baƙin dutse, da ɗan tsakar gida, da madafa. A da wani mai gasa burodin tamis ne yake zaune a ciki, shi ya sa madafar ta fi ɗakunan kyau. Akwai tanderu, akwai murhu a gefensa, bututun hayaƙi ɗaya mai faɗi ya rufe su duka ya ɓulle ta saman soro. Na ji daɗin tanderun nan. Na iya gurasa tun a gida, na ce ko ba komai zan riƙa jin ƙanshin garinmu. Amma itace yana da wuyar samu, sai na riƙa girki a kan risho, ina cewa sai mun zauna sosai.

Malam yakan fita da asuba, sai bayan la'asar ya dawo. Ni kaɗai nake wuni. A gida ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba, a nan kuwa har magana nake yi wa tukunya don in ji muryar mutum. In na tuna yadda ƙannena suke rigima a kan ƙanzo sai in ajiye ludayin in yi kuka, in share, in ci gaba.

Sanyi yana ja da baya na fara jin motsi a bututun. Da farko ɗan karce ne, sai ya koma huci, kamar mutum mai ciwon ƙirji yana barci. Wata safiya na tarar da wasu baƙaƙen dunƙule a cikin murhu. Na fasa ɗaya da tsinke, na ga gashi da ƙananan ƙasusuwa. Ko mayafi ban gyara ba na fita da gudu, na buga ƙofar da take kallon tamu.

Haka na san Inna Gambo. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, iyayenta sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, aka haife ta a hanya cikin Sudan, ta girma a Madina. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakannina ce, sai dai ta tsoma Larabci a tsakiya.

"Ke ce amaryar ɗalibin nan? Wata nawa kina gabana ba ki ƙwanƙwasa ba? Aib, ya binti, abin kunya ne. Me ya koro ki?"

Na ce aljanu ne a madafarmu. Ta kira ɗanta Salihu, magidanci mai tuƙa motar haya, wanda yake jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa sai da Larabci. Ya kafa tsani ya hau soro, ya leƙa bututun, ya daɗe, sannan ya ɗago yana dariya.

"Buma," ya ce, ya ɗaga yatsu uku, ya ƙara wa uwarsa bayani da Larabci.

Inna ba ta yi dariya ba. "A'uzu billahi. Mujiya ce, 'yar nan, da 'ya'ya uku. Wani dutse ya zame a ciki, ta samu wurin zama." Ta kalli cikina, ta kau da kai.

Ba sai ta faɗa ba. Ni ma da abin da aka raine ni ke nan: mujiya ba ta sauka a gida sai da labarin mutuwa.

Da Malam ya dawo, Inna ta tare shi a ƙofa. Ta ce a tura hayaƙi yau ɗin nan, uwar ta gudu, a kwashe 'ya'yan a zubar a cikin duwatsu.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Malam. "Manzon Allah ya hana camfi da tsuntsu, har mujiyar ma ya ambata. Kuma nan Madina ce, harami ce. Ba a kashe namun dajinta, ba a firgita su. A bar su su yi fiffike su tashi, sai a sa raga a bakin."

"Na ji, ya Ustaz. To ruwan jegon yarinyar nan a ina za a dafa shi? A kan risho?"

"Kafin lokacin sun tashi, in Allah ya so."

Da muka shiga ɗaki na roƙe shi. Na ce ko ba a kashe su ba, a mayar da su wani wuri. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa yara a makarantar allo, cewa rai da ajali a hannun Allah suke, tsuntsuwa ba ta san komai ba sai yunwar 'ya'yanta. Na ce to. Amma na kwashe tukwanena daga madafar, na koma girki a tsakar gida, cikin rana.

Ba zan ce na so tsuntsayen nan ba. Sabawa na yi. Da magariba, in ina alwala, sai in ga uwar ta fito daga bakin bututun, fara sol, fuskarta kamar an zana, ta tsaya jim, ta buɗe fiffike ta nufi duwatsu ba tare da ko ƙara ba. In ta dawo da ɓera sai hucin nan ya tashi gaba ɗaya, suna rige-rige. Ɓerayen da suke cinye mana shinkafa suka ragu. Wata rana da azahar na yi ƙarfin hali na shiga madafar, na durƙusa na ɗaga kai. Can sama, inda haske yake shigowa, fuskoki uku masu farin gashi kamar auduga suka leƙo ni, suna juya kai. Ƙaramin cikinsu ya yi mini huci. Na ce, "Kai ma baƙo ne, kar ka yi mini tsiwa." A gidan nan duk wuni, daga ni sai su muke motsi.

Inna kuwa ta riƙe ni kamar 'yarta. Ta ba ni kanwa daga wadda wata alhajiya ta kawo mata, ta yanka tsohon zanenta ta yi mini na goyo. Amma ba ta ƙara taka madafata ba.

Naƙuda ta zo mini cikin wata na bakwai, da hantsi, Malam yana makaranta. Salihu ne ya kai mu asibiti da Inna. Aka hana ta shiga. Mata masu fararen kaya suna ta yi mini magana, ban san me suke cewa ba, ina kiran uwata. Wata daga cikinsu, ban san ƙasarsu ba, ta ba ni hannunta na riƙe har na ji masa ciwo, ba ta janye ba.

Namiji ne. Na ji kukansa sau ɗaya, siriri, aka tafi da shi. Da yamma aka tura ni a keke na gan shi ta bayan gilashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri. Yana da dogayen yatsu irin na ubansa. Malam ya samu ya shiga ya yi masa huɗuba. Washegari da safe yaron ya cika. Ɗan fari ne, ko da ya rayu ba zan kira sunansa ba, yanzu ma ba zan kira ba.

Malam ya kai shi Masallaci aka yi masa salla bayan azahar, aka rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Ya dawo wurina idonsa a bushe. Ya ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Ya ce yaron zai jira mu a ƙofar Aljanna. Duk gaskiya ne. Na juya fuskata bango.

Da aka sallame ni, matan unguwa suka zo gaisuwa, Hausawan Madina da matan ɗalibai. Suka cika tsakar gida. Ana cikin addu'a sai hucin nan ya taso daga madafa. Wata ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, ba ma a hankali sosai ba, "Ai an faɗa musu. Ilimi ya hana su ji." Malam yana ɗakin da yake kusa, ƙofa a buɗe.

Ko babu jariri, jego yana nan. Inna ce take dafa ruwa a gidanta, ta ɗauko shi a bokiti da gwiwoyin nan nata, ta tsallako, ta yi mini wanka safe da yamma. Nonona ya kawo, ya cika ya yi tauri, ta ɗaure mini ƙirji da zane tana cewa, "Ma'alesh, ya binti, yi haƙuri, jiki bai san labari ba." Ranar da na fi kuka ta ce, "Kin san ɗan Manzon Allah ma yana jariri ya rasu, kuma a Baƙi'a yake kwance? Ɗanki ya samu maƙwabta. Mu da muka tsufa a garin nan roƙo muke a sa mu a wurin."

Malam ya daina zuwa makaranta. Yakan zauna da littafi a buɗe, shafin ba ya juyawa. In hucin ya tashi sai in ga muƙamuƙinsa ya motsa.

Wata rana bayan la'asar ina kwance, Inna ta ajiye bokitin ruwa ta koma ɗauko ganye, sai na ji warin kananzir. Kafin in tashi hayaƙi ya shigo ɗaki. Na dafa bango na isa madafa. Malam yana durƙushe gaban murhu, ya cusa busassun ganyen dabino da tsummoki, wuta tana ci, baƙin hayaƙi yana tafiya sama. Can ciki ana ta buge-buge da wani irin kuka da ban taɓa jin sun yi ba.

"Malam, me kake yi?"

Bai juyo ba. "Ruwan wanka zan dafa miki. Tsohuwar nan ta gaji."

"Babu tukunya a kan murhun, Malam."

Ya ƙara tura ganye. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na koma na jawo bokitin Inna, ɗinkin jikina yana ja, na juye shi duka a kan wutar. Tururi da toka suka tashi suka rufe mu. Ta ƙofa na hango uwar ta fito daga bututun da rana tsaka, tana tangaɗi a iska kamar makauniya, ta yi wajen duwatsu.

Sai wani abu ya faɗo cikin tokar, ɗaya kuma ya biyo shi. 'Ya'yan mujiyar ne, sun riga sun fara fitar da gashin fiffike, mai ruwan zuma. Ɗaya bai motsa ba. Ɗayan ya buɗe baki sau biyu ya rufe.

Malam ya sa hannu ya ɗauke shi. Ya zauna daɓas a cikin ruwan toka da farar rigarsa, yana kallon abin da yake tafin hannunsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da na san shi ban taɓa jin kukansa ba, kuma ba na fatan in ƙara ji.

"Haka na ɗauke shi, Rakiya," ya ce. "A hannu biyu, daga Masallaci har Baƙi'a. Bai kai nauyin littafi ba. Mutane suna miƙo hannu su taya ni, babu abin da za a taya."

Na zauna kusa da shi.

"Ni na ce a bar su. Kin roƙe ni, na ƙi."

"Kai ka ce mini babu camfi."

"Na faɗa. Har yanzu na san gaskiya ce. Na sani a kaina. Amma duk sanda suka yi kukan nan sai in ji kamar da na saurare ki..." Bai ƙarasa ba.

Ni da na tsorata da su tun farko, ni ce na ce masa, "Ba su ba ne, Malam. Na ga yaron nan da idona. Bai ƙosa ba ne kawai."

Inna ta same mu a haka. Ta kalli murhun, ta kalli hannunsa. Ta ɗauki bokitinta ta koma ta sake dafa wani ruwan. Malam ya fita da su biyun ya haƙa rami tsakanin duwatsu. Daga baya ya yi azumi, ya yi sadaka, bai gaya mini ko na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Da magariba muka ji huci, ƙasa-ƙasa. Ƙaramin yana nan da rai. Muka bar shi ko uwar za ta dawo. Na zauna a tsakar gida ina kallon bakin bututun ranar nan da washegari, ba ta zo ba. Hucin yana ta raguwa. Salihu ya ɗaura ƙugiya a sanda, ya zura kwando, ya fito da shi baƙi ƙirin da toka, ido ɗaya a rufe.

Muka sa shi a kwali a kusurwar madafa. Ban san me zan ba shi ba, na gwada shinkafa ya ƙi. Sai ga Inna da ƙunshin takarda, ta tsaya daga bakin ƙofa ta miƙo.

"Hanta ce da huhu, ɗanye. Ki yanka ƙanana. Ba ruwana da uwarsa, amma wannan maraya ne."

Malam yakan riƙe shi da tsumma, ni in buɗe bakin in saka. Yakan cije ni, yatsuna duk suka yi tabo. Ba ma magana sosai, amma aikin nan shi ne abu na farko da muka yi tare bayan rasuwar. Idon ya buɗe. Farin gashin ya zube, fuskar uwarsa ta fito sak. Ya fara tsalle daga kwali zuwa bakin tanderu, daga nan zuwa katanga. Na gama wankan jego yana nan. Wata magariba muka bar masa ƙofa a buɗe, ya hau soro ya daɗe yana juya kai, sannan ya tafi. Na ajiye masa nama a kan katanga kwana da kwanaki, kyanwoyi ne suke cinyewa.

Salihu ya share bututun, ya fitar da abin da ya cika buhu, ya ɗaure ragar waya a bakinsa. Inna ta kawo itace ta ce in yi gurasar da nake ta ba ta labari. Na yi, ta yi kyau, aka rarraba wa maƙwabta. Ni ban iya ci ba. Gidan ya yi shiru fiye da ranar da muka shigo shi.

Jikina bai koma daidai ba, ga rama, ga rashin barci. Da shekara ta zagayo Malam ya ce in bi wasu alhazan garinmu in koma gida, shi zai ƙarasa karatu ya biyo ni. Inna ta rungume ni a ƙofa ta ce, "In kin je ki gaishe mini da ƙasar. Ki ce wata 'yarta tana nan." Ban ƙara ganinta ba.

Ana gobe za mu tashi na ce wa Malam ya kai ni Baƙi'a. Mata ba sa shiga, sai dai su tsaya daga waje. Bayan sallar la'asar ya kai ni jikin katanga, wurin da ake iya leƙawa. Fili ne shimfiɗe, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, kowanne da ɗan dutse a kansa, babu suna, babu rubutu. Tattabaru suna ta kiwo a tsakani.

"Ina ne?" na ce.

Ya nuna da hannu. "Wajen can, inda ake sa yara." Ya ce in jira, ya shiga. Ina kallonsa yana tafiya tsakanin ƙananan tuddai, ya tsaya a nan, ya matsa gaba, ya dawo baya. Ya daɗe. Da ya fito bai iya haɗa ido da ni ba.

"Sun ƙaru, Rakiya. Ban gane shi ba."

Na riƙe ƙarfen katangar. Na kalli wajen da ya nuna, ƙananan kaburbura jere, 'ya'yan mata irina daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Na ɗaga hannu na yi musu sallama gaba ɗaya, na yi musu addu'a gaba ɗaya. Sannan na ce, a hankali, da Hausa, don nawa ya gane da shi nake, "Ni ce. Gobe zan tafi gida. Ka yi haƙuri, ba zan iya ɗaukarka ba."